Muhawara: Shin marubutan Kurulus Osman sun riƙe amanar Ertugrul?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da zan kawo na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Kurulus Osman, shirin talabijin na Turkiyya kan Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, bai kai Dirilis Ertugrul, shirin mahaifinsa, ba, kuma laifin na marubuta ne. 'Yan wasa sun yi nasu. An zuba dukiya, faɗan ya fi na da tsari, Burak Ozcivit, wanda ya fito a matsayin Usman, ya iya hawan doki ya iya riƙon takobi. Amma an ɗebo mutanen Ertugrul an bar dalilansu a baya. A wancan shirin, in mutum ya ci amana ka san abin da ya kai shi. Kurdoglu sarautar ƙabilar Kayi yake so tun yana zaune a gefen Sulaiman Shah, mahaifin Ertugrul, yana kiransa ɗan'uwa. Sadettin Kopek fadar Saljukawa ta Konya gaba ɗaya yake hange, kuma tun zango na biyu ake gina shi, sai a na huɗu Ertugrul ya sare masa kai. Ranar da ya mutu duk wanda ke kallo ya ji an sauke masa kaya. A Osman fa? Mugu ya shigo, ya rantse zai shafe Kayi daga doron ƙasa, ya ɗana tarko, Usman ya ce dama ya sani, a kashe shi, wani ya maye gurbinsa da irin rantsuwar. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Nura:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni gani nake kewar Engin Altan, wanda ya fito a matsayin Ertugrul, ce ke damun mutane. Shekara kusan biyar kuna kallon fuska ɗaya, daga Disambar 2014 zuwa Mayun 2019, kashi 150. Duk wanda ya zo bayansa dole ku ga bai cika ba.

Abban Hanif:
Da kewa ce da tun kashin farko na ajiye shi. Na bi shi zango bayan zango saboda ina son labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Ummu Safiyya:
Abban Hanif, ka ce babu mugun da aka gina a Osman. To Dundar fa? A ganina babu mutumin da aka rubuta da kyau kamarsa a shirye-shiryen biyu, kuma daga Ertugrul aka ɗauko zarensa. Ku tuna lokacin da ƙabilar ta rabu biyu, yayyensa Gundogdu da Sungurtekin suka ƙi bin Ertugrul yamma. Dundar ne ƙanen da ya bi shi, shi da mahaifiyarsu Hayme. Ku kuma tuna farkon zango na huɗu, da aka ɗauka Ertugrul ya mutu, aka ɗora Dundar a kan kujera. Me ya yi? Ya tsorata, ya nemi sayar da kasuwar Hanli Pazar ya kwashe jama'a ya koma wajen Gundogdu. Tun a nan aka nuna mana mutum ne mai son zaman lafiya ko da a ƙarƙashin wani ne, mai saurin jin maganar wanda ya fi shi wayo.

Wannan mutumin ne ya tsufa a Osman. Ya yi wa yayansa biyayya shekara da shekaru, yanzu ga ɗan yayan nasa, yaron da aka haifa a gabansa, yana janyo wa ƙabila faɗa da Rumawa da Mongoliyawa a lokaci ɗaya. Ga matarsa Zohre tana zuga shi dare da rana. Ina kallonsa ina jin haushinsa, amma ban taɓa cewa ban gane abin da ke ransa ba. Da Usman ya ɗana kibiya ya harbe baffansa a zango na biyu, ban yi murna ba. Raina ɓaci ya yi, kuma abin da rubutu mai kyau ke yi wa mai kallo ke nan.

Abban Hanif:
Anti, Dundar na yarda da shi. Amma kin lura cewa duk ƙarfinsa daga tsohon shirin ya samo? Da ya mutu wa aka kawo da ya kai shi?

Ummu Safiyya:
Nikola na Inegol ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Kosses ma, wanda ya fara da adawa ya ƙare da musulunta, an bi da shi a hankali.

Malam Garba:
Bari in sa baki, don akwai abin da ya kamata a yi wa marubutan adalci a kai. Abin da tarihi ya ajiye game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai. An san shi ne mahaifin Usman, an san ya zauna a yankin Sogut, an ce ya rasu wajen 1281. Saboda haka mai shirin, Mehmet Bozdag, da mutanensa suna da fili. Suka haɗa shi da Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙ a 1240, alhali babu wata hujja da ta nuna sun taɓa haɗuwa. Suka ba shi cin ganuwar Karacahisar, wadda littattafan Usmaniyawa ke jingina wa Usman a 1288. Babu mai iya cewa sun yi ƙarya a kan abin da ba a rubuta ba.

Usman kuwa hanyarsa a shate take. Dole ya yi mafarkin nan a gidan Shehu Edebali, wata ya fito daga ƙirjin shehin ya shiga nasa, bishiya ta tsiro daga cibiyarsa inuwarta ta rufe duniya. Dole ya ci Bilecik da Yarhisar da Inegol, waɗanda ake dangantawa da 1299. Dole ya yi nasara a kan Rumawa a yaƙin Bafeus na 1302. Dole Orhan ya gaje shi, Bursa kuma ta faɗi a 1326 a hannun ɗan. Ko kisan Dundar da kibiya ba marubutan suka ƙirƙira ba, yana cikin tsofaffin ruwayoyin Usmaniyawa. To mai rubutu yana da tashoshi da ba zai iya tsallakewa ba, kuma tsakanin tasha da tasha akwai shekaru da babu labari. Da me zai cike su? Da maƙiyan da ya ƙirƙira, waɗanda kowa ya san ba za su iya kashe jarumin ba.

Abban Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma wannan ai shi ne abin da nake kuka da shi. Tunda mun san Usman ba zai mutu ba, kuma mun san zai kafa daula, to abin da ya rage a ja hankalinmu da shi shi ne abin da nasarar za ta ci masa. Ertugrul ma mun san ba zai mutu ba. Amma an kama shi, Noyan, kwamandan Mongoliyawa, ya kafa masa ƙusa a tafin hannu, ya dawo gida hannun ba ya riƙe takobi, 'yan'uwansa na jini suka daina yarda da maganarsa, aka kore shi daga ƙabila. Makonni muna kallon mutum yana rasa komai. Usman kuwa sau nawa aka nuna ya faɗa tarko, sai a mayar da mu baya a nuna ai tun jiya ya shirya da mayaƙansa a ɓoye? Sau ɗaya dabara ce. In ya zama kowane mako, an koya wa mai kallo kada ya ji tsoro, kuma in tsoro ya tafi me ya rage?

Sadiya:
Wallahi wannan komawa bayan ta ishe ni. Da zarar na ga an ɗaure shi sai in fara jiran inda za a ce shiri ne.

Nura:
Amma ku duba, halin ne aka bambanta da gangan. Ertugrul mai haƙuri ne, mai biyayya ga Sarkin Saljukawa har ƙarshe. Usman ya taso ne bayan Mongoliyawa sun karya Saljukawa a Kose Dag a 1243, sarkin Konya ya koma ɗan amshin shata. Wanda zai kafa sabuwar daula a irin wannan lokaci ba zai zama mai jiran izini ba. Dole ya zama mai zafi, mai wasa da hankalin abokan gaba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba dole gudun ya zama iri ɗaya ba. Da an maimaita mana Ertugrul da wata fuska, da ku ne za ku fara cewa babu sabon abu.

Yaya Habu:
Nura, zafi daban, ihu daban. A zangon farko Usman kusan kowace magana da ƙarfi yake yin ta, ko da baffansa, ko da yayansa Gunduz. Kuma ba a cika bari ya yi kuskuren da zai zauna ya yi nadama ba. In ya saɓa wa manya, ƙarshe labarin sai ya nuna shi ne mai gaskiya. Matashi ne fa. Ina ma a ce sau ɗaya gaggawarsa ta jawo asarar da ba ta gyaruwa, ya ɗauki nauyinta har tsufa.

Ni abin da ya fi ci min rai ma yadda aka yi da tsofaffin ne. Zango guda cur ana ce mana Ertugrul yana Konya. Da ya dawo a na biyu, Tamer Yigit ne ya fito a matsayinsa, dattijo mara lafiya, bai daɗe ba ya rasu. A zangon nan dai aka kashe tsofaffin mayaƙansa, Abdurrahman da Bamsi. Kamar ana sauri a share fage. Turgut kuma, wanda muka sani da gatarinsa, ba a kawo shi ba sam, sai daga baya aka shigo da wani matashi mai irin sunan.

Malam Garba:
Habu, a nan kam lissafin shekaru yana tare da su. Mutanen da suka yi yaƙi a zamanin Sultan Alauddin Kaikubad, wanda ya rasu a 1237, ba za su kai 1299 suna sara da takobi ba.

Yaya Habu:
Haka ne Malam, mutuwa dole ce. Amma Bamsi da muka sani mai barkwanci ne, mai takubba biyu, mai zuciyar yara. A Osman an mayar da shi mai ba da nasiha kawai. Tsufa yana rage ƙarfi, ba ya canza mutum ya zama wani. Barkwancin nasa ma wani sabon mayaƙi, Cerkutay, aka miƙa wa.

Ummu Safiyya:
Ku maza duk hankalinku yana kan takobi. Ku zo ɓangaren mata ku ga inda Osman ya wuce. Halime, matar Ertugrul, ina son ta, amma yawancin rawarta jira ne da haƙuri da masu kishi da ita, har ta rasu bayan haihuwar Usman. Bala kuwa, matar Usman, an ba ta jarrabawar da ta fi kowane yaƙi nauyi. An ji mata rauni, aka ce da wuya ta haihu, wasiyyar surukinta ta ce mijinta ya ƙara aure saboda zuriya. Ita da kanta ta shiga neman wadda za ta dace. Akwai wuraren da ba ta cewa komai, tana tsaye a bakin tanti ana hidimar kishiyarta Malhun, fuskarta kawai ake nunawa. Sannan Malhun ta haifi Orhan, ita kuma daga baya Allah ya ba ta Alauddin. Ba a mayar da ɗayarsu muguwa ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wajen marubuci, don hanya mafi sauƙi ita ce a ɓata ɗaya a wanke ɗaya.

Sadiya:
Anti na yarda da farkon. Amma daga baya fa? Sai a shirya su, bayan kashi kaɗan a sake haɗa su faɗa a kan abin da aka riga aka kashe. Wata baƙuwa ta shigo ƙabila, kowa ya ga munafuka ce ban da su biyun. Matan da aka nuna mana suna da kaifin hankali, sai a rufe musu ido saboda ana bukatar labari ya ƙara tsawo.

Malam Garba:
Wannan kuma yanayin sana'ar ne a Turkiyya. Kashi ɗaya na Osman yana haura awa biyu, lokacin da yake gudana duk ranar Laraba aka riƙa nuna shi, zango na biyu kaɗai ya wuce kashi talatin. Ana rubutawa ana ɗauka ana haskawa, ana kuma duban yawan masu kallo. Ertugrul a TRT 1 aka yi shi, tashar gwamnati. Osman ya koma ATV tun Nuwambar 2019, tashar kasuwa mai rayuwa da talla. Marubucin da aka ce ya kawo awa biyu kowane mako dole wata rana ya koma kan abin da ya riga ya yi.

Abban Hanif:
Malam, Ertugrul ma awa biyu ne duk mako, kuma shi ma yana da nasa maimaicin, ban musa ba. Amma dubi Selcan, matar Gundogdu. A zangon farko ita ce ke haɗa makirci a gidan Sulaiman Shah saboda tana ganin shi ya kashe mahaifinta. Tubarta ba a dare ɗaya ta zo ba. Ta yi kuka, an ƙi yarda da ita, ta faɗi gaskiya a kan wata makira, Aytolun, an ce tsohon halinta ne ya motsa. Sai da ta biya bashin abin da ta shuka. Shi ya sa da muka gan ta a Osman da furfura tana kiran Usman ɗanta, ba mu bukaci bayani ba. A nuna min mutum ɗaya da aka haifa a cikin Osman wanda aka yi wa irin wannan tafiyar.

Ummu Safiyya:
Aygul. 'Yar Dundar ce, an aurar da ita ga Alisar saboda siyasar mahaifinta, ta cutar da Bala, gidansu ya rushe a kan idonta har hankalinta ya taɓu. Ta dawo ta ɗauki takobi a bayan mutumin da ya kashe ubanta, ta reni ɗanta a cikin ƙabilar da ta san abin da ta aikata. Daga baya ta auri Cerkutay, wanda shi ma daga rundunar Balgay ta Mongoliyawa ya fito.

Abban Hanif:
Aygul kam an fara ta da kyau. Amma bayan ta shiryu me aka ba ta? Ta koma ɗaya daga cikin masu tsayawa a bayan Bala. 'Yar da Usman ya harbe mahaifinta, ai akwai magana mai nauyi tsakaninta da shi da ya kamata a zauna a kanta, ko da kashi ɗaya ne.

Ummu Safiyya:
A nan ina tare da kai. Na so a bar su su biyu a tanti, babu kiɗa babu mayaƙa, ta tambaye shi ko akwai wata hanya ban da kibiyar, shi kuma ya rasa amsar da zai ba ta.