Wane suna za mu ba borderline personality disorder da Hausa?

Masu fassara da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, ina neman shawararku. Wannan larura tana buƙatar tsayayyen suna a Hausa, domin sunayen da ake jifan masu ita da su suna ƙara musu ciwo.

Fassarar kai-tsaye, "larurar kan iyaka", ba za ta yi ba. Adolph Stern, wani likita a Amurka, ya yi amfani da kalmar a 1938 kan majinyatan da yake ganin suna tsakanin damuwa da taɓin hankali. An bar wannan fahimta tuni, sunan ne ya maƙale har ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980. Wanda ya ji "kan iyaka" boda zai tuna.

Kamata ya yi sunan ya fito daga abin da mutumin ke ji. Yana rayuwa ne da tsoron a guje shi. Aboki ya yi jinkirin amsa saƙo, sai zuciya ta raya masa an yar da shi. Ya yi ta kira, ko ya fusata, ko ya yanke hulɗar da kansa kafin a riga shi. Wanda ya ɗauka tamkar ransa da safe, kafin dare ya zama abin ƙi, kuma duka biyun da gaske yake jin su. Fushin kan wuce cikin sa'o'i, kunya da nadama su biyo baya, wani lokaci har da cutar da kai. Na kusa su gaji su ja jiki, abin da yake tsoro ya tabbata.

An ba ni shawarar "rikicewar hali". Ban yarda ba. Mu ne muke cewa hali zanen dutse, ke nan mun yanke wa mutum ƙauna tun daga suna. Alhali bin diddigin majinyata na shekaru ya nuna yawancinsu suna samun sauƙi sosai. Marsha Linehan, wadda ta ƙirƙiro DBT, wata hanyar jinyar wannan larura ta hanyar tattaunawa, a Jami'ar Washington, ta bayyana a 2011 cewa ita ma ta yi wannan fama tana budurwa.

"Hawa da saukar zuciya" kuma za ta rikice da bipolar, wata larurar ƙwaƙwalwa daban, inda yanayi ɗaya kan ɗauki kwanaki ko makonni.

Ni na tsaya kan "larurar raurawar zuciya". Zuciya a bakinmu ta ɗauki so da fushi da tsoro duka, abin da ke raurawa kuwa ana iya tokare shi ya tsaya. Ya kuma yi kusa da sunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a kundinta na cututtuka, bugu na goma, mai nuni ga rashin daidaiton motsin rai.

Akwai giɓi. A kundin likitocin Amurka, alamomin larurar tara ne, biyar ake nema kafin likita ya tabbatar, kuma cikinsu akwai jin wofi a rai da rashin tabbas kan ko wane ne kai. Shin "raurawa" ta ɗauki waɗannan, ko sai mun ƙara wata kalma?