Kilisa cikin daji da ragama, ba linzami: wa ya taɓa gwadawa?

Mai Akawali: Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Dokina akawali ya samu miki a gefen baki bayan hawan sallah, likitan dabbobi ya ce kada ƙarfe ya shiga bakinsa sai ya warke sarai. Ba na so ya zauna a turke ya yi nauyi, shi ya sa nake son fita da shi kilisa bayan gari da ragama kaɗai, wato igiyar da ake ɗaura wa doki a kai da hanci, ba ƙarfe a baki. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kasance.

Ɗan Barga: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Mu da ragama muka koyi hawa. Muna yara a ƙauyenmu wajen Daura, da ita muke kai dawakin Baba rafi, ba sirdi ba likkafa. Har yau idan zan zaga fadama ba na sa linzami. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne doki yana shan ruwa ya ƙoshi, ya tsinki ciyawa a hanya, ba kumfa ba jijjiga kai. Linzaminmu na gargajiya mai zoben nan yana danne dasashi da haɓa lokaci guda, don tsayar da doki cak aka ƙera shi. Tafiyar daji ba ta buƙatar wannan tsananin.

Goɗiya Kili: Ni daga Maraɗi nake. Goɗiyata ta fi natsuwa da ragama, amma a kula da inda igiyar take zama. Ƙashin hancin doki yana sirancewa can ƙasa ya koma guringuntsi. Idan ragama ta sauko nan, za ta ji masa ciwo kuma ta takura numfashi, doki kuwa ta hanci kaɗai yake numfashi, ba ya iya yi ta baki. A ɗaga ta kamar yatsa biyu ƙasa da ƙashin kunci. A guji siririyar igiyar leda, tana goge fata idan gumi ya jiƙa ta. Ni tsumma mai laushi nake naɗawa a kanta.

Sarkin Zagi: Ku yi haƙuri, ni ban goyi baya gaba ɗaya ba. Ingarma ba goɗiya ba ne. Wata rana mun fita wajen duwatsun Dutse, abokin tafiyata yana kan ingarma da ragama, sai muka ci karo da wasu mahaya da goɗiya. Dokin ya miƙe wuya ya kwasa, abokin nawa yana ja yana ja kamar bai ja ba, sai da ƙaya ta yayyage masa ƙafa kafin ya samu ya juya shi. Alhaji, naka ingarma ne ko dandaƙaƙƙe?

Mai Akawali: Ingarma ne Malam, amma ya manyanta, ba shi da tutsu.

Ɗan Barga: Maganar Sarkin Zagi gaskiya ce, sai dai na ga doki ya gudu da mutum da linzami a baki har jini yana zuba. Dokin da bai koyi tsayawa ba, ƙarfe ma ba ya tsayar da shi, zafi ne yake ƙara firgita shi. Kuma da ragama ba a jan kamazuru biyu, wato igiyoyin da mahayi ke riƙewa, a riƙe. Wuyan doki ya fi hannunka ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaya ake ja, a karyo kansa zuwa gwiwarka ya yi ta zagaye har ya tsaya, yana tsayawa a saki nan take. Sakin nan shi ne karatun.

Baƙon Amurka: A nan inda nake abin ba baƙo ba ne. Akwai tseren juriya na Tevis Cup a jihar Kalifoniya, mil 100 cikin awa 24 a kan duwatsu, tun 1955 ake yin sa, kuma za ka ga mahaya da dama ba linzami, saboda doki ya ci ya sha a hanya. Amma sun daɗe suna horar da su a fili mai shinge kafin su fita. Na hau irin waɗannan dawakan, da ka gyara zama ka ja baya kaɗan sun rage tafiya, tun hannu bai motsa ba.

Goɗiya Kili: Haka ne. Alhaji ka fara a filin barga, ka ga yana tsayawa, yana juyawa dama da hagu, yana ja da baya. Idan ya ba ka waɗannan, ka fita da sassafe tare da wani doki mai sanyi a gaba, ta hanyar gona inda babura ba sa bi. Sukuwa a bar ta tukuna, musamman a hanyar dawowa, don a nan doki yake ɗokin gida.

Sarkin Zagi: In haka za a bi, na yarda. Amma ranar kasuwa ko wurin kiɗa da bindiga, kada a kai shi da ragama. Kuma kafin a mayar da linzami likita ya duba haƙoransa, sau da yawa kaifin turamen haƙori ne yake yanka kunci, a ɗora wa ƙarfe laifi.

Mai Akawali: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allahu zan fara a barga, ranar Asabar kuma likita zai zo duba haƙoran.