Dan Allah wa zan sa a referi? An ce in kawo kafin Litinin

ɗan_Agege:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Ni tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Apapa da su Surulere a 2022 na ajiye mashin na koma tuƙi, na yi shekara biyu da wani abu ina jan wani mutum a Ikoyi, yanzu ya kwashe iyali sun bar ƙasar. Na samu wani kamfani suna neman direba, na je intabiyu an duba lasisi da katin LASDRI (cibiyar horar da direbobi ta jihar Legas) komai lafiya lau, sai matar ta miƙo min fom tace in kawo referi biyu da garanto ɗaya. Ni da na ɗauka duk abu ɗaya ne. Inaso in sa wani babban Alhaji da muke masallaci ɗaya, kowa ya san shi a Agege, amma gaskiya gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Sai kuma yayana. Ya kuke gani?

Kawu Idi-Araba:
Wa alaikassalam ƙanina. Ba abu ɗaya bane, kar ka haɗa su. Referi shaida zai bayar kawai, za a buga mishi waya ko a tura mishi saƙo a ce ka san wane, shekara nawa kuka yi tare, ya halinsa, yana zuwa aiki kan lokaci, ya kuka rabu. Garanto kuwa hannu zai sa a takarda ya ba da fasfo ɗinsa da katin shaida, wasu har takardar kuɗin wuta suke karɓa dan su tabbatar da adireshi, in ka gudu da mota ko kaya suka ɓata ƙofar gidansa za a fara bugawa.

Ni sito nake kula da shi a Apapa kuma in za a ɗauki yara ni ake ba wa wayar in kira. Wallahi abin da ya fi min ciwo in kira mutum yace "wa? a'a ban gane shi ba", alhalin yaron kirki ne ka gani a fuskarsa, amma shi kenan an wuce zuwa fayil na gaba, babu mai lokacin jira a Legas. Alhajin nan me zai ce in an tambaye shi yadda kake tuƙi? Bai taɓa shiga motarka ba. Nemo wanda ya ga aikinka da idonsa, kuma ka je ka same shi tukunna ka gaya mishi sunan kamfanin da irin aikin, ka roƙe shi ya ɗaga baƙuwar lamba kwanakin nan, dan mutanenmu da yawa basa ɗauka. In baya jin Turanci ko burokin sosai ka yi tunani, wanda zai kira ba lallai Bahaushe bane. Yayanka kuma bar shi, yawancin fom ɗin ma suna rubutawa banda ɗan uwa na jini.

mai_albasa Mile12:
Kawu kayi haƙuri ni dai ban yarda a raina babban suna ba, garin nan wa ka sani ne, sunan Alhaji kaɗai zai iya sa a ɗago fom ɗinka a duba sau biyu

Kawu Idi-Araba:
In Alhaji zai ɗaga waya da kansa ya kira wani a ciki, wannan alfarma ce kuma tana aiki ban musa ba. Amma rubuta sunansa a takarda shi bai sani ba wani abu ne daban.

Maman biyu:
Ɗana ni kan garanto zan yi magana dan ya taɓa ci na. Na tsaya ma wani yaro ɗan garinmu a aikin gadi, wata huɗu ya tafi gida sallah bai dawo ba bai sallami kowa ba, ni aka dinga kira ina barin shago ina zirga-zirga, har yau in na tuna raina ɓaci yake. To in ka je wajen wani ya ce zai yi tunani kar ka ji haushi. Ka kai mishi fom ɗin ya karanta ko a karanta mishi kafin ya sa hannu, kuma dan girman Allah kar ka sayi garanton kuɗi, sukan aika mutum ya je ya duba gidan. Yayan naka in yana da tsayayyen aiki da adireshi tambayi matar ko za su karɓe shi a nan.

ɗan_Agege:
Na gode Mama, na gode Kawu. To shi oga na na da yana Ingila, lambarsa ta WhatsApp tana aiki, zan iya sa shi?

Kawu Idi-Araba:
Shi ne ma na farko. Tura mishi saƙo yau, ka roƙi imel ɗinsa, in da hali ya rubuto 'yar wasiƙa cewa kayi mishi tuƙi daga wata kaza zuwa wata kaza kuma tafiya ce ta raba ku. Ka rubuta lambar da +44 ɗinta a fom. Na biyu kuma duba manajan estet ɗin da kuka zauna ko shugaban masu gadi, ai kullum a gabansu kake fita da mota.