'Yar akala mai tsimin wuta

1/ 'Yan uwa, ku zo mu tsayar da magana. Ɗan baƙin abin nan mai ƙafafun ƙarfe da ke cikin rimot ɗin mota da na'urar gwajin suga da mitar wuta, wane suna za mu ba shi? Turawa na ce masa microcontroller. Masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano kuwa kowane ɗan baƙi aisi ne a bakinsu (wato IC, sunan da Turawa ke ba duk irin waɗannan 'yan baƙaƙen), har wanda ke kula da caji.

2/ Wani malami ya ce mini ƙaramar ƙwaƙwalwa. Malam, na ji, amma ƙwaƙwalwa mun riga mun ba wa mai lissafin kwamfuta. Shi wannan komai nasa na cikinsa: mai lissafi, ma'adanar bayanai, da ƙafafun da yake kunna abu ko ya kashe. Haka yake tun TMS1000, wani irinsa da kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1974. Sunan linzami ma an cinye shi, ga na kwamfuta ga na makamai.

3/ Ni 'yar akala nake so. Siririyar igiya ce, amma ita ke juya raƙumi. Jam'inta 'yan akaloli, don 'yan akala zai yi kama da sunan mutane.

4/ Abin da ya fi damuna shi ne masu aiki da batir. Ɗauki batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, wajen miliamfa-awa 220 ke cikinsa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauke da ita ke nan). In 'yar akala na jan miliamfa 10 ba hutu, a lissafi awa 22 ya ƙare. In ta kwanta tana jan maikuroamfa 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na miliamfa, lissafi ya ba da shekara 25, ko da yake batirin zai gaji da kansa kafin nan. Na taɓa ɗora mita a kan wata 'yar akala, ina danna maɓalli lambobi suka yi sama, kafin in ɗauke yatsa sun koma ƙasa. Don irin wannan aikin aka ƙera MSP430, wata 'yar akala ta Texas Instruments.

Kwanciyar nan ita nake kira barcin zomo: tana barci, amma ƙaramin motsi ko ƙarar agogonta zai tashe ta, ta yi aiki, ta koma. Irin waɗannan su ne masu tsimin wuta. Tsimi ya fi rowa dacewa, don idan aiki ya zo ba ta hana kanta.

5/ Ku gwada a baki: "Sa 'yar akala mai tsimin wuta, ka bar ta a barcin zomo." Mutanen Damagaram da Agadez, ku ne masu raƙuma, ya kuka ji ta?