Akun da aka bar mini yana cizo kuma ya daina magana: yaushe zan fara horar da shi?

Uwargida daga Bukoki, Yamai:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon aku. An yi wa yayana canjin wurin aiki zuwa ƙasar waje, sai ya bar mini akunsa, irin mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya shekara da yawa a gidansa yana gaisuwa da Hausa da Zabarmanci, har yana kwaikwayon ƙarar wayar salula. Tun da aka kawo shi gidanmu a farkon watan nan bai ce uffan ba, abinci ma ba ya taɓawa sai ya ga babu kowa a kusa, kuma duk wanda ya kai hannu jikin kejin sai ya yi gurnani ya kai masa cizo. Na ga ana horar da aku da kilika, ɗan abin nan da ake dannawa ya yi "ƙas", amma ban san ko in fara yanzu ba ko in dakata. Wani maƙwabcinmu kuma ya ce in rage masa abinci, in datse masa gashin fiffike, wai da haka zai yi laushi.

Mai Tantabaru, Tawa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar maƙwabcin nan a ajiye ta gefe guda, domin yunwa da almakashi za su koya wa tsuntsun cewa hannunki abin tsoro ne, kuma aku ba mai saurin mantuwa ba ne. Shirun da ya yi ba abin mamaki ba ne. Ya rabu da mutumin da ya saba da shi, da ɗakin da ya sani, da muryoyin da yake ji kullum, kamar amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba.

Ki ajiye kejin a inda mutanen gida suke zama, amma ɓangare ɗaya ya jingina da bango don kada a riƙa ɓullo masa ta baya, kuma tsayinsa ya kai wajen ƙirjin mutum. Ki hana yara zura yatsa ko tsinke. Ki riƙa zama nesa kaɗan kina aikinki kina magana a hankali, ba tare da kin ƙura masa ido ba. Abincin da ya saba ci a gidan Yaya shi za a ci gaba da ba shi a makonnin farko, ko da akwai gyara a cikinsa, saboda sauya gida da sauya abinci a lokaci guda sun yi masa yawa. Yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru, abin da yake da wuya a gidan da ake kallon talabijin har tsakar dare.

Malamin Kimiyya, Yantala:

Na yarda da Malam Mai Tantabaru, sai dai a ganina ba dole ba ne Hajiya ta jira har tsuntsun ya sake gaba ɗaya. Alamar da za ki duba guda ɗaya ce: ranar da ya ci abinci kina kusa, ko ya karɓi wani abu ta tsakanin wayoyin kejin, to an iya farawa, kuma horon da kansa zai taimaka masa ya saki jiki, tun da babu taɓawa a cikinsa.

Tushen wannan hanya yana cikin binciken B. F. Skinner na Amurka kan yadda dabba take maimaita duk aikin da ya jawo mata lada, daga baya kuma Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbobin teku, ta yaɗa ta ga masu kiwo a gida. Amfanin ƙarar shi ne ta nuna wa tsuntsu ainihin lokacin da ya yi daidai. Idan kika tsaya ɗauko lada kafin ki ba shi, ya riga ya juya kai ko ya ɗaga ƙafa, ba zai gane wanne aka saka masa ba. Ƙarar kuwa tana faɗawa daidai kan aikin, ladan ya biyo baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Da farko ki gano abin da ya fi so. Ki zuba masa abubuwa daban-daban a kwano, ki lura da wanda yake fara ɗauka, sannan ki cire wannan daga abincinsa na yau da kullum ya zama na horo kaɗai. Wannan ba hana shi abinci ba ne, kwanonsa yana nan cike. Ki gutsura ladan ƙanana, kamar girman ƙwayar dawa, don kada ya ƙoshi da wuri. Sai ki danna, ki ba shi, ki danna, ki ba shi, ba tare da kin nemi ya yi komai ba, har ki ga da jin ƙarar yana waiwayo yana neman ladan. Idan har yanzu yana tsoron yatsunki, ki jefa a cikin kwanonsa ki ja da baya. Idan ƙarar kilikar ta firgita shi, ki danna ta a cikin aljihu ko cikin mayafi, ko ki yi amfani da biro mai dannawa.

Bayan haka sai a koya masa taɓa sanda. Ki sami ɗan tsinke mai tsabta, ki kawo bakinsa kusa da shi ta wajen kejin. Aku mai son bincike ne, zai kai baki ya taɓa, kuma a daidai lokacin da bakinsa ya taɓa za ki danna. Idan ya ƙi matsowa, ki saka masa ko da kallon tsinken ya yi, gobe sai ya miƙa wuya, jibi sai ya yi taku ɗaya. In ya gane wannan, kin sami hanyar kai shi ko'ina ba tare da kamawa ba: daga wannan gefen keji zuwa wancan, zuwa bakin ƙofa, zuwa kan sandar da kike riƙe da ita, a ƙarshe kuma kan hannunki. Kowane zama kada ya wuce minti 3 zuwa 5, a tashi tun yana marmari.

Doka guda ce ba a karya ta: duk lokacin da kika danna, ko da bisa kuskure ne, sai kin ba da lada. Idan kuma ya yi abin da ba a so, babu tsawa babu duka, sai ki janye tsinken ki ɗan dakata. Ihu ma lada ne a wurin aku, domin yana jin daɗin ganin mutum ya zabura. Kafin ya yi cizo yakan ba da sanarwa: ya tayar da gashin wuya, ya sunkuya, baƙin idonsa ya riƙa tsukewa yana buɗewa. Wanda ya ga haka ya ci gaba da miƙa hannu, shi ya jawo wa kansa.

Kada ki raina kansa. Irin wannan aku ne Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi bincike da shi kimanin shekara 30 har ya mutu a 2007, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Wata rana ma za ki ji naki yana kwaikwayon "ƙas" ɗin da bakinsa yana jiran a biya shi.

Ma'aikaciyar Lafiyar Dabbobi, Yamai:

Yaya Hajiya, kafin a ɗora komai a kan baƙunta, a tabbatar lafiyarsa lau, domin tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya yi nisa. Idan yana zama a ƙasan keji da gashi a tashe, ko wutsiyarsa tana motsi sama da ƙasa yayin numfashi, ko kashinsa ya sauya, a kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Idan kuna da kaji ko tantabaru, a raba su da shi na aƙalla kwana 30.

Abin da ya fi kashe aku a gidajenmu hayaƙi ne: maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, turaren wuta, gawayi a ɗaki rufe, da kaskon suya mai rufin Teflon, irin wanda abinci ba ya manne masa, idan ya yi zafi fiye da kima. Kada a ba shi fiya, wato aboka, ko cakulan, ko shayi, ko goro, ko abinci mai gishiri. Gyaɗa kuwa a yi hattara da ita: tana da mai da yawa, kuma wadda ta sha danshi a ajiya tana ɗauke da guba mai lalata hanta, don haka a zaɓi mai kyau a bar ta ta zama lada kawai. Irin mai launin toka yana yawan fama da ƙarancin sinadarin kalsiyam, shi ya sa yake buƙatar ganye, da hasken ranar safe wanda bai ratso ta gilashi ba. Asalinsa tsuntsun dazuzzukan Kamaru da Kwango ne masu danshi, saboda haka a lokacin hunturu, da zafin watan Afrilu da Mayu, a riƙa yayyafa masa ruwa mai tsabta, a kuma ajiye shi a inuwa. Idan za a ƙera masa sabon keji wajen masu walda, a guji waya mai rufin tutiya da fenti mai dalma, tun da yana gaigayar duk abin da bakinsa ya kai.

Ki kuma roƙi Yaya ya aiko miki da duk takardar da take nuna yadda ya mallake shi. Tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda take kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashen duniya, ta amince a sa wannan aku a jerin farko, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma tsuntsu ne da yake iya kaiwa shekara 40 ko fiye.

Uwargida daga Bukoki, Yamai:

Allah ya saka muku da alheri. Na mayar da kejin jikin bango, na kuma hana kunna turare a falon. Ya fara karɓar ɗan dabino daga hannun babbar 'yata, amma ni har yanzu yana yi mini gurnani. Shin in bar mata horon, ko kuwa hakan zai sa ya ƙi kowa sai ita?

Malamin Kimiyya, Yantala:

Ki bar ta ta fara, Hajiya, tun da ita ya zaɓa, amma ki riƙa zama a kusa yayin da suke yi, ki kuma zama mai jefa masa guntun dabino a kwano duk lokacin da kika wuce. Idan ya ƙware a taɓa tsinke a hannunta, sai ki karɓa, da tsinke ɗaya da kilika ɗaya, kina tsaye ɗan nesa fiye da inda take tsayawa.