Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Tikiti ya rikita ni

Maman Afnan, Unguwar Rimi:
Salam jama'a don Allah a taimaka, Hajiyarmu ce za ta Umra ta Kano za ta tashi, to tikitin da ejan ya turo an rubuta tashi ƙarfe 1 na rana sauka Jidda 8 na dare wato awa 7 kenan, amma a dawowa tashi 9 na safe sauka Kano 12 na rana awa 3 kacal. Kuskure suka yi ko jirgin dawowa ya fi gudu? Tana fama da ciwon ƙafa shi ya sa nake son sanin zaman da za ta yi.

Ɗan Tudun Wada:
Wslm. Ba kuskure ba ne Hajiya, agogo ne ya yi miki wasa. Saudiyya na gabanmu da awa 2 kuma tikiti lokacin garin da aka sauka yake rubutawa, 8 ɗin Jidda 6 ce a nan Kaduna, kin ga awa 5 zuwa awa 5 dawowa. Tsakanin filin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz wajen kilomita 3,400 ne in an miƙe, jirgi kuma yana cin kamar 850 a awa, awa 4 kenan sai ki ƙara na hawa da sauka.

Baban Walid, Kawo:
Lissafinka daidai ne malam amma miƙewar ce matsala. Hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi kafin a tsallaka Bahar Maliya, lokacin da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, alhazan shekarar sun ji a jikinsu. Kuma ki duba da kyau ko kai tsaye ne, don in Ethiopian ne sai an yada zango a Addis Ababa, EgyptAir kuma Alkahira, ni na taɓa kwana a kujerar filin jirgi ina jiran na biyu, wallahi jiran ya fi tafiyar gajiyarwa.

Hajiya Babba, Malali:
Ɗiyata ni ba awa 5 ɗin ke damuna ba, hanyar Kano ce, sama da kilomita 200 a mota ga masu aikin hanya, kar ku ce za ku taso da asuba ranar tafiya, ku je ku kwana. Ki ce wa ejan ya nema mata keken guragu da kujerar bakin hanya ta riƙa miƙe ƙafa. Tunda Jidda za ta sauka ta yi wanka ta shirya haraminta tun daga masauki, niyya ce kawai za ta yi a sama in an zo daidai miƙati.

Maman Afnan:
Kai amma na gode Allah ya saka da alheri, na sake dubawa kai tsaye ne babu zango. Kwanan Kano dai sai an lallaɓa ta, ba ta son barci a gidan wani 😅