Dan Allah a ba ni shawara: Sigma 18-50 ko Tamron 17-70 a kan Sony a6400?

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci. Ina da Sony a6400 da na saya a hannun wani abokin yayana da ya bar sana'ar ya koma harkar waya, babur ɗina na sayar na cika da kuɗin adashi, a gida ma sai da aka yi ta faɗa wai na sayar da abin hawa na sayi abin wasa, Mama ce kawai ta tsaya min. To lens ɗin da ya zo da ita ɗan ƙaramin nan ne 16-50, da rana ba ni da matsala da shi, ɗaurin aure a ƙofar masallaci fes yake fitowa, amma da an shiga hol da daddare shi ke nan, hoto ya yi duhu ya cika da yashi, wata uwar amarya har cewa ta yi wayar 'yarta ta fi kyamarata. Yanzu na samu bikin wani babban gida bayan sallah, kamu da dina da walima duk ni aka ba. Ina tsakanin Sigma 18-50 f/2.8 da Tamron 17-70 f/2.8. Na Sony ɗin 16-55 ba na ma kallonsa. Wanne zan ɗauka?

Oga Mai Studiyo: Wa alaikumussalam. Tamron, kar ka tsaya wani dogon tunani. Ƙanina kyamararka a6400 ba ta da abin hana girgiza a cikinta, a6500 da a6600 da a6700 su ne suke da shi. Sigma 18-50 shi ma ba shi da shi. Tamron 17-70 yana da VC, wato nasa abin hana girgizar a cikin lens ɗin. Kuma abin da ba ka lura ba, wannan ɗan 16-50 da ka raina yana da OSS, wato abin hana girgiza na Sony, shi yake rufa maka asiri tun da ka fara. Ranar da ka cire shi ka ɗaura Sigma ka ɗauki bidiyo da hannu za ka ga rawar da ba ka taɓa gani ba.

Anti Mai Hoton Mata: Oga a yi min afuwa amma ban yarda gaba ɗaya ba. Sigma ɗin giram 290 ne, Tamron 525, kusan ninki biyu. Ni da nake yini a tsaye cikin mata tun daga wajen lalle har a kai amarya na san abin da nauyi yake yi wa wuyan hannu. Kuma VC girgizar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da mai rawa. In ƙawayen amarya suka shigo fili dole shata, wato saurin ɗaukar hoton, ta kai 1/200 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, a nan kuma da VC da babu duk ɗaya ne. Kai mai tambaya ba ka ma faɗa mana ba, hoto kake yi ko bidiyo?

Mai tambaya: Anti duka biyun nake yi, ya danganta da abin da aka ce.

Oga Mai Studiyo: To ka ji. Tunda akwai bidiyo magana ta ƙare. Sannan zuƙowar Tamron har 70 ɗin nan ba wasa ba ne, a kan kyamararka ana ninkawa da 1.5 saboda sensarta, wato abin da ke karɓar hoton a ciki, ƙarama ce, kenan Tamron yana ba ka kamar 25 zuwa 105, Sigma kuma 27 zuwa 75. A dina in ango da amarya suna kan mumbari, masu liƙi sun tare gaba, MC yana korar masu hoto, da me za ka zuƙo fuskarsu? Mu da muka daɗe a harkar nan mun san inda ake jin jiki.

Ɗan Maraɗi: Ni dai abin da zan ce ku yi hankali da na hannu. Bara na sayi lens wurin wani mai shago, a waya ya rantse min kamar sabo, da ya iso na haska fitilar waya ta baya sai ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin, danshi ya riga ya ci shi. Na kira ya ce ai ba a mayar da kaya, har yau maganar tana wurin shugaban kasuwa, ga kuɗin mota da na kashe, ga canjin sefa zuwa naira da na yi asara a kai. Mutane ba sa tsoron Allah wlh.

Abban Hanifa: Allah ya mayar da alheri. Ai mu namu ciwon masu biki ne, ka yi aiki kwana uku a ba ka rabi a ce sauran sai an ga album, an ga album kuma a daina ɗaga waya. Ɗan'uwa kafin ka zuba kuɗi a lens saboda bikin babban gida ka tabbata sun ba ka kafin alƙalami, manyan gidajen nan su suka fi riƙe haƙƙi.

Mai tambaya: Sun ba da wani abu. Ni dai maganar lens ɗin ce ta dame ni.

Malam Na Zariya: Ni a ganina duk biyun ba su ne maganin ciwonka ba. Gaskiya ne daga f/5.6 da kake samu a 50 zuwa f/2.8, wato lens ya ƙara buɗewa, haske ya ninka huɗu, ISO, wanda hawansa ke kawo yashin, zai dawo daga 6400 zuwa 1600, za ka ga bambanci. Amma hol ɗinmu da fitilu shuɗi da ja ko f/2.8 wahala yake sha. Ka riƙe 16-50 ɗinka na rana, ka sayi Sigma 30 f/1.4 wanda ya sake ninka hasken huɗu a kan 2.8, canjin ka sayi filashi da fitilar bidiyo. Kuma in kana bidiyo ka bar shi a firem 25 a daƙiƙa da shata 1/50 saboda wutarmu 50Hz ce, in ba haka ba fitilun hol za su riƙa yi maka ƙyafta-ƙyafta.

Oga Mai Studiyo: Malam kana so yaro ya tsaya canza lens a tsakiyar kamu da kyamara ɗaya? Kafin ya ɗaura an fesa turaren an gama. Ga ƙura, duk buɗewa sai ta hau sensa. Zum ɗaya mai 2.8 shi ne aikin biki. Lokacin da suka fito a 2021 Tamron dala 799 ne Sigma 549, wannan bambancin ba a banza aka sa shi ba.

Mai tambaya: Oga na gode amma fa ni hannuna ba ya rawa sosai, an sha yaba min. Kuma ina da niyyar sayen gimbal, abin riƙe kyamara mai hana girgiza, nan gaba, na ga ana cewa Sigma ya fi zama a kai saboda rashin nauyi. Sannan gaskiya na riga na ba wani rabin kuɗin Sigma ɗin tun satin da ya wuce ya ajiye min, na hannu ne amma mai tsabta.

Anti Mai Hoton Mata: Ikon Allah, to ai da ka faɗa tun farko. Ka gwada shi a kan kyamararka kuwa? Ka duba yana kama fokas a 18 da 50, ka ɗauki bango a 2.8 ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi. Kuma ka sani 18 bai kai 16 faɗi ba, a ɗakin amarya za ka ji matsi, kar ka sayar da ƙaramin.

Mai tambaya: Ban gwada ba tukuna, a hoto ya turo min, amma mutumin kirki ne abokina ya san shi. Ƙaramin kuma na yi alƙawarin sayar wa wani don in cika kuɗin.

Ɗan Maraɗi: Nawa ma a hoto aka turo min.

Oga Mai Studiyo: Ka je ka karɓo kuɗinka. Gimbal ɗin da ba ka saya ba ba zai yi maka aikin bayan sallah ba. In kuɗin Tamron bai kai ba ka yi hayar lens na kwana ukun, wa ya ce dole sai ka mallaka kafin biki?

Abban Hanifa: Haya kuma Oga? Wa zai ba da lens ɗinsa haya yanzu, ni da na ba wani yaro nawa ya dawo min da zoben zum yana ƙara, ko haƙuri bai ba ni ba.

Mai tambaya: Mutumin ya ce ba ya mayar da kuɗi sai dai in canza da wani kaya, kuma yana da Tamron 28-75 a shagon, ya ce shi ma 2.8 ne har ya fi 17-70 ɗin. Wannan fa, zai hau a6400?

Malam Na Zariya: Zai hau, amma na ful firem ne, wato kyamara mai babbar sensa, a taka zai koma kamar 42 zuwa 112, hoton dangi ma ba zai ɗauka a falo ba, kuma shi ma ba VC.

Mai tambaya: To amma in wata rana na koma ful firem ai ya yi min amfani ko? Oga kana nan? Gobe da safe ya ce in je.